Ranar da Rachida Ta Ba da Shaida

Rachida ta girme ni da shekara biyar, amma har yau ba na ce mata Anti, don ita ma ba ta taɓa daina kirana Hafiza 'yar Kano mai bakin tsiya ba. 'Yar Damagaram ce. Mun haɗu a ajin koyon kula da tsofaffi shekara ashirin da suka wuce, tana sabuwar zuwa Greensboro, Turancinta rabinsa Faransanci. Ni shekara uku na yi a aikin, bayana ya ce bai yarda ba, na koma kitso. Ita tana nan har yanzu. Kullum da sassafe tsohuwar motarta take fita daga gidajen haya na Gate City Boulevard, sallaya a kujerar baya, flas ɗin kunu a gefenta, ta nufi gidan wani tsoho da 'ya'yansa suka watse garuruwa. Mace ce gajeriya mai ƙarfin hannu, ba ta da surutu, kuma idan ta ce a'a, gara ka je ka yi gardama da bango.

A shekarar 2011 kamfaninsu ya tura ta wani gida a East Greensboro, bayan jami'a. Mara lafiyar, Mista Clarence, tsohon ma'aikacin gidan waya ne da shanyewar ɓarin jiki ta kama, ta tafi da hannunsa na dama da yawancin maganarsa. Wanda ya buɗe mata ƙofa wani dogon dattijo ne mai suna Josiah, tsohon malamin makaranta. A takardar kamfani an rubuta cewa abokin zama ne. Rachida ba yarinya ba ce. Ta ga hotuna a bango tun suna da baƙin gashi, ta ga ɗakin kwana ɗaya, ta ji yadda Josiah yake kiran sunan mutumin, ta gane. Shekara talatin da huɗu ke nan suna tare.

Daga cikin mota ta kira ni ranar, muryarta a sanyaye. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ni ce na fara cewa ta gudu, har da dariya da wasu maganganun da yanzu nake jin kunyar maimaitawa. Ta nemi a canja mata gida, aka ce ta yi haƙuri mako biyu kafin a sami wata. Mako biyun suka cika, aka kira ta, ta ce a bar shi. Da na matsa mata da tambaya, abin da ta ce kawai shi ne tsohon ba ya haɗiye ruwa da kyau, sabuwar ma'aikaciya za ta shaƙe shi kafin ta koya.

Shekarar da ta biyo baya garin ya ɗauki zafi. Za a kaɗa ƙuri'a a kan gyaran tsarin mulkin jiha, cewa auren namiji da mace ne kaɗai zaman da hukuma za ta amince da shi. Ko'ina alluna a bakin gidaje, wannan ya ce e, maƙwabcinsa ya ce a'a. Mazanmu kuwa suka sami abin yi. Bayan sallar Juma'a sai a taru a shagon kayan abincinmu, tsakanin buhunan shinkafa da manja, a yi ta muhawara kamar gwamna yana bakin ƙofa yana jiran shawararsu, alhali rabinsu ko katin zaɓe ba su da shi. Mourtala, mijin Rachida, direban babbar mota ne, kuma yana ji da kansa a wajen hujja. Nasa ra'ayin shi ne a ba masu zaman jinsi ɗaya takardar yarjejeniya, su gaji juna, su shiga asibiti wajen juna, amma kada a kira abin aure, don aure yana da Mai shi. Wasu suka ce ko takardar ma kada a ba su, in ka ba mutum hannu sai ya nemi kafaɗa. Wani ɗan Kumasi ya ce ƙasar da ta bar mu muka gina masallaci ba ta tambaye mu ba, mu ma mu iya bakinmu. Rachida tana tsaye tana zaɓen kuɓewa, ita da ta fi su duka sanin abin da ake magana a kai, ba ta tofa ko kalma ɗaya ba. Ta yi zaɓe a shekarar. Na tambaye ta me ta dangwala, ta ce tsakaninta da Allah ne.

Gyaran ya wuce, ya rufe ƙofa biyun gaba ɗaya, ba aure, ba yarjejeniyar Mourtala. Mazan suka koma gardamar ƙwallo.

Da bazarar 2013 ciwon huhu ya kwantar da Clarence a asibiti. Ƙanwarsa Loretta ta zo daga Virginia, mace mai addini da tsabta, wadda take son yayanta amma ba ta taɓa kwana a gidansa ba. Tunda ta iso, likitoci suka juya wajenta, don ita ce jini. Clarence irin mutanen nan ne masu cewa gobe, bai taɓa rubuta takardar wakilci ba, yanzu kuma ba hannu ba baki. Josiah ya koma jin labari a bakin ƙofa. Loretta ta shigar da buƙata a kotu a ba ta riƙon yayanta, da niyyar kai shi gidan kula da tsofaffi kusa da ita, tafiyar awa huɗu. Idon Josiah ya riga ya hana shi tuƙi a babbar hanya. In aka tafi da Clarence, an raba su ke nan, kuma kowa ya san a shekarunsu rabuwar ba ta dawowa ba ce.

Lauyan Josiah ya roƙi Rachida ta zo ta ba da shaida. Nan rigima ta tashi a gidanta. Mourtala ya ce garin nan ƙarami ne, kafin la'asar labari zai kai Damagaram cewa matarsa ta tsaya a kotu tana kare abin da Allah ya hana. Ya ce da wane ido zai shiga masallaci. Ina gidan ranar, ina yi wa 'yarsu kitso, na kasa kunne kamar ba na ji.

"Malam, ba a ce in ɗaura musu aure ba," in ji ta. "An ce in faɗi abin da idona ya gani. Kai da kake da karatu, faɗa min hukuncin wanda ya ɓoye shaida."

Mourtala ya yi fushin kwana biyu, amma bai fasa cin tuwonta ba. Ranar zaman kotu ya fita tun da wuri ya duba mata man mota da tayoyi.

Ni na raka ta. Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya dogo, jami'ar kotun da za ta yanke hukunci tana zaune a kai da tabarau. Rachida ta sa baƙar abaya da farin mayafi, na riƙe mata jaka. Lauyan Loretta mutum ne mai wayo. Ya dubi mayafin nan ya ga ya sami hanya. Ya tambaye ta ko ita Musulma ce, ta ce e. Ya ce to a addininta, Josiah ɗin nan mijin Mista Clarence ne?

Ta ce a'a.

Josiah ya sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan, mun zo mun kashe shi da hannunmu. Lauyan ya ce dokar jihar nan ma haka ta ce, ba miji ba ne, ba ɗan'uwa ba ne. To shi wane ne?

Rachida ta juya ta fuskanci jami'ar, ba lauyan ba, ta fara magana a hankali. Ta ce tana da shekara goma sha bakwai mahaifiyarta ta kwanta asibiti wata bakwai. A can Damagaram, in ji ta, ba a kwantar da mutum shi kaɗai. Kowane gado yana da mai jinya, wanda yake shimfiɗa tabarma a ƙasa, ya dafa, ya wanke, ya zubar da bahaya, ya ruga neman magani. Ta ce tana da yayye maza huɗu da kawunai masu manyan riguna, suna zuwa dubiya da lemo su tafi, amma idan lokotoro, wato likita, ya shigo zagaye ita yake nema, don ita ta san abin da tsohuwar ta ci da abin da ta amayar. Ba wanda ya taɓa tambayarta takarda.

"Bon, ni ban san sunan da za ku ba shi ba," in ji ta. "Wannan gardamarku ce, kuma ni ina da nawa addinin. Amma a garinmu shi ne mai jinya. Ni awa shida nake yi a gidan, ana biyana. Sauran awa goma sha takwas shi ne, kuma ba mai biyansa."

Ta ce ta yi aiki a gidaje sun fi talatin, ba ta taɓa ganin mutumin da ya shekara biyu a kwance ba tare da gyambo ko ɗaya a bayansa ba sai Clarence, saboda duk bayan awa biyu Josiah yana juya shi. Ta ce idan Clarence ya buga yatsa sau biyu ruwa yake so, idan ya kama kunnensa a kashe talabijin, kuma ba ita ta gano wannan ba, koya mata aka yi. Ta ce Mis Loretta tana son ɗan'uwanta, ta gan ta tana kuka a asibiti, kukan gaskiya. Amma a tambaye ta ta wane gefen baki ake ba shi abinci don kada ya shaƙe. Ba wanda ya tambaya. Loretta ta dubi hannayenta.

Ni da nake taƙama da baki, ranar na san akwai masu magana. Hawaye na yi ta sharewa da gefen gyalena, ina jin haushin kaina.

An saurari likita da wani maƙwabci, aka ɗan tashi, aka dawo. Jami'ar ta ba Josiah riƙon Clarence, ta ce ya koma gidansa. A waje muka tarar da Loretta ita kaɗai a kan benci, jakarta a cinya. Da ni ce da na wuce abina, amma Rachida ta je ta zauna kusa da ita. Ta ce mata mai jinya ma mutum ne, kuma wannan ya kusa faɗuwa, shekara biyu bai yi barcin kirki ba. Ta ce in za ta zo ranar Asabar, ita za ta nuna mata komai.

Magana kam an yi. A wani bikin suna wata Hajiya ta ce a gaban jama'a wai Rachida ta zama lauyar 'yan zamani. Na ce mata Hajiya, Allah ya ba ki lafiya, amma ranar da kika kwanta ki roƙi Allah ya haɗa ki da wanda zai juya ki duk bayan awa biyu. Ba ta sake gaishe ni ba sai da azumi. Mourtala kuwa bai canja ra'ayinsa ba, takarda e, suna a'a, sai dai yanzu idan ya kafa hujja yakan ƙara da cewa a tambayi matarsa, ita ta gani.

A ƙarshen 2014 kotu ta buɗe ƙofar auren a jihar, Josiah da Clarence suka yi nasu a falon gidansu. Rachida ta gaya wa Josiah kai tsaye cewa ba za ta zauna ba, ya ce ya sani, kuma bai riƙe ta ba. Da safen ta yi wa Clarence wanka, ta aske masa gemu, ta sa masa farar riga, ta tafi kafin baƙi su iso. Ta ci gaba da aiki a gidan shekara huɗu, har Clarence ya rasu a kan gadonsa, Josiah yana riƙe da hannunsa mai lafiya.

Amma idan ka tambayi Rachida labarin, ba kotu take farawa da shi ba, ba kuma bikin ba. Labarin Asabar ta uku bayan an ba Josiah riƙon Clarence take bayarwa. Ta ce ta riga ta cire rai, sai ga mota mai lambar Virginia ta tsaya a ƙofa da hantsi. Loretta ta shigo ba fara'a, ta gaida Josiah sama-sama, ta ajiye jaka ta wanke hannu. Rachida ta nuna mata yadda ake kaurara ruwa, yadda ake ɗaga kansa, yadda ake sa cokali ta gefen hagu a jira ya haɗiye. Cokali na farko ya zube a riga, na biyu ma haka. Na uku ya wuce, Clarence ya dubi ƙanwarsa da ɓarin fuskar da yake motsi, ya yi mata irin murmushin da ya rage masa.

Josiah yana tsaye a kansu, yana son ya gyara wannan ya gyara wancan. Rachida ta ce masa ya je ya zauna, ba a mutuwa don cokali ya karkace. Ya zauna a kujerar falo da niyyar minti biyar. Da ta leƙa, ya yi barci da takalmansa a ƙafa, baki a buɗe. Lokacin juya Clarence ya yi, Rachida ta miƙe za ta tashi Josiah kamar yadda ya roƙe ta, sai Loretta ta riƙe mata hannu.

"Ƙyale shi ya yi barci," in ji ta a hankali. "Nuna min yadda yake yi."