Ranar da Kimura Ya Ƙi Ɗagowa

Komai na iya ɓace mini a kai, amma ban da ranar Juma'ar da muka ƙwato Hamadu direba daga hannun jandarma. Ku matso, musamman kai Yusufa da aka naɗa ka shef makon jiya.

A shekarun da darajar kuɗin sefa ta faɗi ne, ina shef-dekip, wato shugaban leburori da direbobi, a wani kamfanin Japan da ya zo haƙa foraj a ƙauyukan da ke tsakanin Garwa da Gidar. Foraj dai ita ce rijiyar burtsatse. Tunda ina jin Faransanci da Fillanci, ni ne kuma tafinta. Babban injiniyanmu Musiye Kimura ne, ɗan siririn mutum, ba ya ɗaga murya. Kullum da safe sai ya jera mu mu miƙe hannu mu lanƙwasa ƙugu, har da shi, mutanen gari na leƙe suna dariya. Kakinsa irin namu, abincinsa a tirenmu. Da fari mun ɗauka taɓin hankali ne.

Ranar wata Laraba Hamadu, Bafillacen Gidar mai 'ya'ya rututu, ya shiga wani lungu da kamiyon, wato babbar motar da ke ɗauke da injin haƙa. Yana ja da baya sai ji muka yi rugum! Katangar Alhaji Ɗanjuma ta kwanta. Ko kaza ba ta mutu ba, amma Alhaji jigo ne na jam'iyya mai mulki, zaɓe ya ƙarato, ga shi da ma yana ciki da mu don an ƙi kafa foraj a ƙofar gidansa, an kai ta makaranta. Kafin la'asar jandarma sun tafi da Hamadu.

Ga yadda abin yake, don waɗanda ba su sani ba. In mai ƙara bai janye ba, ranar Litinin za a miƙa mutum gaban mai gabatar da ƙara a Garwa. Daga nan sai gidan yari a jira shari'a, lasin tuƙi kuwa sai wani ikon Allah. Kwamandan birgad, wato ofishin jandarma, ya ce mini a fili, "Malam Sale, ni ba ruwana da katanga. Ku je ku ga Alhaji."

Na je, na ce za mu gina masa sabuwa da bulo. Ya ce ba katanga ce ta dame shi ba, raini ne. Na fito raina a ɓace. Na ce wa Kimura abin da na saba gani a wasu kamfanoni: a sallami direba, a ce ba a san shi ba, aiki ya ci gaba. Ba son raina ba ne, amma haka ake yi.

Ya dube ni ya ce, "Wa ya zaɓi hanyar da kamiyon ya bi?"

Na ce, "Kai ne, shef."

Ya ce, "To ni na rushe katanga." Ya bayyana mini cewa a ƙasarsu laifin na ƙasa na babba ne. Shugaban kamfani, kai har minista, yakan fito bainar jama'a ya sunkuya ya nemi gafara kan abin da ma'aikacinsa ya yi, wani ma ya ajiye muƙamin.

Ranar Juma'a, cikin zafin bazarar Garwa da kuka sani, sai ga Kimura da baƙar kwat da laktaye, riƙe da kwalin alewa. Na ce wannan ba za ta yi ba ita kaɗai, na ƙara da goro. Muka isa an sauko daga masallaci, ƙofar gidan Alhaji cike da 'yan jam'iyya, ga liman zaune a gefensa.

Kimura ya ajiye kwalin, ya ce da Faransanci laifin nasa ne, a saki direbansa. Na fassara. Sai kawai ya haɗa ƙafa, ya lanƙwashe daga ƙugu, baya a shimfiɗe, hannuwa a cinya. Jama'a, ruku'u sak! Ya kuma tsaya a haka.

Liman ya ce, "Subhanallahi!" Alhaji ya zabura, carbinsa ya faɗi. "Kai, Sale! Gaya masa ya ɗago! Ni za a yi wa ruku'u? So yake ya halaka ni?"

Na durƙusa na raɗa wa Kimura. Bai motsa ba, gumi na ɗiga daga hancinsa. A hankali ya ce a wurinsu mai neman gafara ba ya ɗagowa sai an karɓa. Shi bai san abin da ya taɓo ba, ni kuwa na sani. Wallahi daɗi ya kama ni har cikin ƙashi, amma na ɗaure fuska.

Na ce, "Alhaji, ya ce al'adarsu ce. Sai ka ce ka yafe."

"To ya tashi mu yi magana!"

"Ya ce sai ka yafe."

Liman ya juyo ya ce, "Alhaji, yi sauri. Kowane numfashi da ya yi a haka, a wuyanka yake."

Alhaji ya dubi jama'ar da yake neman ƙuri'arsu, ya dubi ƙeyar Kimura. "Na yafe! Na yafe duniya da lahira! Ɗago, don girman Allah!" Da hannunsa ya ɗago shi. Jama'a suka kwashe da kabbara da dariya. A motar Alhaji muka tafi birgad, ya janye ƙara. Kafin magariba Hamadu na gidansa yana cin tuwo.

A hanya na gaya wa Kimura abin da sunkuyon nan yake nufi a wurinmu. Kunya ta kama shi, ya ce mu koma ya ba da haƙuri. Na ce, "Shef, rufa mana asiri, kar ka kashe dattijo!"

Katanga mun gina ta, Alhaji ma shi ya buɗe foraj ɗin makaranta yana ta jawabi. Ni kuwa tun daga ranar ban sake cewa a sallami direba don a huta ba. Na gane muƙami a wannan aiki ba kujera ba ce, kai ne wanda za ka fara shiga rana idan na ƙasa ya yi ɓarna. Yusufa, ban ce ka yi wa kowa ruku'u ba, kai Musulmi ne. Amma ka tanadi baƙar kwat, domin wata rana direbanka zai rushe katangar wani.