Isiyaku Bakoji, Wanda Ya Ƙi Yarda da Sifili

Ranar Talata, 8 ga Maris 1983, direban bas ɗin Birnin Gwari ya tsaya a ƙofar ofishinmu a Zariya ya ce ka rasu, bayan gajeriyar jinya a gidan mahaifinka. Tun lokacin na kasa zama. In na zauna gaban injin huda katin kwamfuta sai in miƙe, in leƙa taga, in dawo. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, Malam Isiyaku, ko zuciyata za ta lafa.

Kai ka koya mini aikin nan. Na zo daga Gayam ta ƙasarku Birnin Gwari ban taɓa ganin kwamfuta ba, ka ji Hausata ka ce, "'Yar gida ce ashe," ka ja mini kujera. Ba ka taɓa yi mini tsawa ba, ko ranar da na zubar da kwalin katunanka suka hargitse.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin shata iyakar daji. Masu awo sun kawo lambobinsu, kai kuma ka rubuta wa kwamfuta umarnin da za ta fitar da inda layin zai bi. Ka sa mata sharaɗi: in awon wani wuri bai cika ba, ta buga lambar kuskure. Takarda ta fito, ko'ina sifili, ɗigo, sifili biyu, wato babu kuskure. Shugabanmu ya yi murna, ya ce a tura masu kafa turaku.

Kai kaɗai ka ƙi murna. Ka yi ta kai-komo a baranda, abincinka ya huce. Ka ce mini, "Susan, na yi kiwo a dajin nan. Ba mai aunawa ya fito ba tuntuɓe ko ɗaya."

Ka bi umarnin layi-layi har ka gano. Harafi ɗaya ne ke gaya wa kwamfuta yadda za ta buga lamba. Lambar kuskuren cikakkiya ce, amma harafin da aka sa na lamba mai ɗigo ne, sai kowane kuskure ya fito kamar sifili. Kwamfutar ta ga matsala, ta faɗa, mu ne ba mu ji ba. Da ka canza harafin, kurakurai suka bayyana, mafi muni a wajen Damari: layin zai raba rugar su Hammadu makiyayi da mashayarsu, ya kuma haɗiye gonar dawar wata gwauruwa, Naomi.

Ka shiga wurin shugaba ka ce, "Ranka ya daɗe, hannuna ne ya rubuta harafin. A tsayar da turakun." Ya yi faɗa har ana ji a waje, ƙarin girmanka ya tafi a shekarar. Washegari ka hau bas, ka bi masu awo cikin daji aka sake aunawa. Shanun Hammadu suna shan ruwa a wurin har yau. Naomi ba ta ma san gonarta ta kusa tafiya ba, don ka hana mu faɗa mata.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya yafe maka kurakuranka na fili da na ɓoye. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinka Alhaji Bakoji, da maiɗakinka Furera, da 'yarka Habiba wadda ba ta fara tafiya ba tukuna. Allah ya ba su haƙuri, ya raya Habiba har ta isa a ba ta labarin ubanta.

Susan Mailafiya