Kabiru Mai Lasifika

Kabiru ɗan Gusau ne, kuma tun yana yaro babu abin da yake ƙauna kamar muryarsa. Ya yi sanarwa a gidajen biki, ya yi tallan maganin basir a tasha, sannan kawunsa ya sama masa aikin wayar da kai a wani ofishin kula da muhalli. Aka ba shi babur da lasifika. Ni dai ban taɓa ganin kayan aikin da suka ƙarasa lalata mutum kamar waɗannan ba.

Bara aka auna ruwan wani tafki a bayan Nahuce, inda masu haƙar zinari ke wanke ƙasa, aka samu gubar dalma. Aka ce Kabiru ya sanar kada mutum ko dabba su sha. Cikin gari ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Saura rugar Buba, wanda ke shayar da shanunsa a tafkin in rani ya tsananta. Cikin garken akwai saniyar 'yarsa Ummulkhairi, wadda ya ba ta tana maraƙa ranar suna, suka girma tare.

Kowa ya san yadda ake shiga ruga a wannan zamani. Ka kashe babur tun daga nesa, ka taka da ƙafa, ka yi sallama, ka jira a shimfiɗa maka tabarma. Mutanen daji sun sha wuya a hannun masu babura. Gogan naka kuwa ya kutsa a guje, lasifika na kururuwa. Maza suna wajen kiwo. Mata suka suri yara suka faɗa kwazazzabo. Ya zagaya bukkoki, ya zazzage wa kaji da ƙore saƙonsa, har da Turanci, ya juya. Ko ƙafa bai sauke ba.

Da sauran ruwaye suka ƙafe, Buba ya kora garke tafkin. Shanu suka fara makancewa, suna cizon haƙora, suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ta Ummulkhairi ce ta fi daɗewa tana wahala.

Buba ya iske Kabiru a ofis yana goge lasifikarsa.

"Malam, ashe kun san ruwan ga na da guba?"

"Ai na hwaɗi," in ji Kabiru. "Har ƙohwar bukkarka na zo."

"Wa ka iske?"

"Wannan kuma ba ruwana. Aikina in hwaɗi, kuma na hwaɗi."

Har yau in na tuna amsar nan raina ɓaci yake yi. Buba bai ɗaga murya ba. Ya ciro igiya daga aljihu ya ajiye masa a kan tebur.

"Ga igiyar saniyar ɗiyata. Kullum sai ta tambaye ni mi ya kashe ta. Tunda kai ke da murya, zo ka hwaɗa mata."

Kabiru bai je ba.