Fumfunar da Na Sha a Kwalin Jus, da Cikina Wata Bakwai

Salamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba, har masu kawo mini ɗinki suna tambaya ko na rufe shago ne. Ban rufe ba. Jinya na yi.

Lokacin zafi ne, ina da ciki wata bakwai, ba abin da ke zama a cikina sai mai sanyi. Maigidana Isuhu ya biya butikin bakin layinmu a Kara-Kara ya sayo mini jus ɗin mangwaro na kwali, irin mai ɗan tsinken roba. Kwalin bai kumbura ba, kwanan watan jikinsa bai wuce ba.

Na ji ɗan tsami-tsami, na ce bakin mai ciki ne. Sai da na kusa shanyewa tsinken ya toshe, wani abu mai yauƙi ya taɓa mini harshe.

Na ɗauki almakashin ɗinki na farke kwalin.

Fumfuna ce kwance a gindinsa, baƙa da kore, ta yi kauri kamar tsumman da ya kwana a kwata.

Kafin la'asar amai ya fara, gudawa ta biyo baya. Washegari ko ruwa na kurɓa sai ya dawo. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne marata da ta fara ɗaurewa tana saki, irin na naƙuda, ga ɗan cikin ya rage motsi.

Aka garzaya da ni matanite, wato asibitin haihuwa, sai da suka sha wuya kafin su samu jijiyar da za su sa mini sarum, wato ƙarin ruwa. Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari da bayan gida, aka tura ni eko, hoton ciki. Sajfam ɗin da ta karɓe ni, wata dattijuwar ungozoma mai faɗa, ta ce, "Ruwan jikinki ne ya ƙare, shi ya sa mahaifa ke neman buɗewa. Ki kwanta. Ko fitsari kada ki taka ƙasa."

Da ta ɗora na'ura a cikina aka yi ɗan jim ba a ji komai ba. Ban taɓa sanin tsoro ba sai ranar. Can sai ga bugun zuciyar ɗan, tif tif tif. Na fashe da kuka.

Kowace safiya da sabuwar takardar magani. Ragon da muke kiwo don suna, shi Isuhu ya kai kasuwa.

Innata ta baro gonarta a Droum ta zo jinya. Isuhu ya so ya yar da kwalin don ganinsa na tayar masa da hankali, ta ce, "A'a, ɗana. Ba a zubar da shaida." Ta ƙulle shi a leda ta kai firigon maƙwabta ya zauna cikin sanyi.

Likita ya duba hoton kwalin a waya ya ce, "Ba zan rantse miki shi kaɗai ne sanadi ba. Amma wannan ba abin shan ɗan Adam ba ne."

Da na iya zama, na kira lambar da ke jikin kwalin. Wani ya ce, "Madam, wataƙila ajiyarku ce ba ta da kyau."

Na ce, "Daga firigon butiki zuwa bakina, ina ajiyar take?"

Ya ce za su kira ni. Shiru. Na tura musu hotuna, na ce duk Damagaram za ta gani.

Nan da nan wakilinsu ya samo gidanmu bayan an sallame ni, da katan-katan na jus ɗin nan dai. Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri. A bar maganar tsakaninmu, ki ba mu kwalin mu kai a bincika."

Inna ta matso. Ta zaro kwali ɗaya daga kayansa, ta yanke bakinsa, ta juye a kofi ta miƙa masa. "Bismilla, ɗana. Baƙo ke fara sha."

Ya dubi kofin, ya ce wallahi a ƙoshe yake.

Na ce, "To ni ma na ƙoshi. Kwashe kayanka. Abin da nake so, a janye 'yan uwan kwalin nan daga butikoci."

Dangi sun ce in bar wa Allah. Na ce abin da ya fi ƙarfina na bar masa, wannan kuwa bai fi ƙarfina ba. Isuhu ya ɗauke ni a mashin da ledata a hannu muka je ofishin masu duba tsabtar abinci. Suka zo butikin, suka farke wasu kwalaye a gaban mutane, suka tarar da irin nawa, suka kwashe sauran. Har yau kamfanin bai ce ya yi laifi ba. Ni ma har yau ban ce na yafe ba.

Na haihu a kan lokaci, mace, lafiya lau. Alhamdu lillahi.

Na gode wa sajfam da likitoci, da Inna, da Isuhu, da maƙwabtan da suka riƙe mini gida. Allah ya saka.

Shawarata: duk abin sha na kwali, ku juye a kofi ku gani da idonku, musamman na yara da masu ciki. In kun ji ɗanɗano ya sauya, ku tsaya. Amai da gudawa ga mai ciki ba abin jira ba ne, a tafi likita. Ku ɗauki hoto, ku adana kwalin, kada ku miƙa shi ga mai kayan.

In kuma aka kawo muku kyauta don ku yi shiru, ku tuna akwai wata mai ciki yanzu haka tsaye gaban firigon butiki, tana jin ƙishirwa.