Akwatin da Ya Ƙi Sauka daga 'Yar Kakuri

Duk wanda ya jima a Abakpa ya san Malam Isiyaku Direba, in ma bai san shi ba, ya san motarsa. Fijo ce 504, fara, irin wadda aka daina haɗawa tun kafin a haifi rabin masu yi mata dariya. Shi 'Yar Kakuri yake kiranta, don a Kakuri, can ƙetaren kogin Kaduna, aka haɗa ta. Mutanen layi kuwa Sai-an-tura suke ce mata, kuma ba ya jin haushi. Yakan ce ai shi ya fara tura ta, su daga baya suka shigo sana'ar.

Daga wani ƙauye kusa da Malumfashi ya zo Kaduna yana saurayi. Ya yi karen mota a tashar Kawo har hannunsa ya faɗa, daga nan Allah ya ba shi aikin tuƙi a wata ma'aikatar gwamnati. In ana hirar manya a majalisa, yakan gyara hula ya ce ba wanda ya kai shi zama a gaban manya, don shekara da shekaru su suna baya, shi yana gaba. Ranar da aka kawo motar sabuwa, kujerunta da leda, shi aka miƙa wa makulli. Da ta tsufa aka sa ta a gwanjo, shi ma ya kusa ajiye aiki, sai ya saye ta. Tare suka yi ritaya, in ji shi, kuma tun daga ranar tare suke tari.

To, ana nan sai ɗansa na fari, Sharhabil, ya tashi aure. Yarinyar sunanta Aziza, 'yar gidan ma'aikata ce a Malali. Aka haɗa lefe, aka sa ranar kaiwa. Nan Malam Isiyaku ya ce ba motar da za ta ɗauki lefen yaron nan sai 'Yar Kakuri. Sunan ɗan fari ba ya fita daga bakinsa, kullum yaron nan ne.

Matarsa Kaltume ta bari ya gama, sannan ta tuna masa abin da kowa a gidan ya sani. But ɗin motar, wurin sa kaya na baya, tsatsa ta ci shi, tankin mai yana tsiyaya, kuma buhun shinkafar da aka ɗauko a ciki da azumi sai da aka yi wata ana cin tuwo mai ƙanshin fetur. Ta ce ba za ta bari atamfa da leshin 'yar mutane su isa Malali suna wari kamar gidan mai ba.

Aka ja, aka ja, har suka tsaya a kan magana ɗaya. Zai gyara ta, za ta kai lefe. Amma in ta ba su kunya a gaban surukai, ko ƙanƙanuwa, zai kira 'yan gwangwan su zo su ja ta, filin ƙofar gida ya huta. Ya amince da sauri, irin amincewar wanda bai taɓa tunanin zai faɗi ba.

Tanki dai ya yi masa aiki mai kyau, a faɗi gaskiya. Ya kwanta ƙarƙashin mota ya kwance shi, ya wanke da omo har warin ya fita, ya kai Rafin Guza wurin mai walda aka toshe hujin. Ya dawo ya goge tsatsar da samfefa, ya shafe shi da baƙin fenti, ya rataye a rumfa inda iska ke kaɗawa har ya bushe ƙayau. Da ya mayar, ko ɗigo babu. Kwana biyu yana tare masu wucewa yana cewa su durƙusa su leƙa.

Nasarar nan ce ta kai shi ta baro. Ya dubi gwangwanin fenti, irin mai maiƙon nan da ake shafa wa ƙofar ƙarfe, ya ga da saura da yawa. Ya dubi but. Ya ce me zai kai shi wurin fenta, bayan hannun da ya yi tanki yana nan a jikinsa? Ya kankare tsatsa, ya share, ya ɗauki burushi. Ya shafa, ya ga bai yi ƙyalli yadda yake so ba, ya ƙara. Wanda ya ƙara bai sha iska ba ya sake ƙarawa, har ƙasan but ya yi kauri kamar an zuba kunun tsamiya, sai dai baƙi.

Tsakiyar damina ce. Yana ajiye burushi hadari ya haɗo daga gabas, sai ya rufe but gam don kada ruwa ya ɓata masa aiki. Ruwan ya ƙi ɗaukewa, shi kuma ya ƙi buɗewa, har ranar kai lefe ta zo.

Da safe ya buɗe, fenti yana sheƙi har yana ganin hularsa a ciki. Ya ɗan taɓa gefe da yatsa, ya ji ya yi fata, ya ce ya bushe. Kaltume ta fito da tsohuwar tabarma za ta shimfiɗa kafin a ɗora akwatuna, ya hana. Ya ce wannan ƙyallin ba don tabarma aka yi shi ba, so yake in an sauke kaya matan Malali su ga ƙasan but su san gidan da suka haɗa jini da shi. Aka kwantar da babban akwati, wanda ke ɗauke da atamfofi da lesuka, aka jera ƙananan a kansa.

Saura matsala ɗaya. Uban ango ba ya kai lefe, balle na ɗan fari. Aikin mata ne, kuma ƙanwarsa Balki ce jagorar tafiyar. Amma tun da 'Yar Kakuri ta zo duniya ba wanda ya taɓa riƙe sitiyarinta sai shi. Sai ya ɗauko tsohuwar rigarsa ta aiki da baƙin tabarau, ya ce wa Balki ko an tambaya ta ce direban haya ne, ba zai ma fito daga mota ba.

Motar ta tashi bugu ɗaya, abin da ta shekara ba ta yi ba. Ta kai su Malali ko tari babu. Ya tsaya a bakin get yana murmushi a ƙasan tabarau, yana shirya abin da zai gaya wa Kaltume.

Mata suka sauke ƙananan akwatuna suka shige ana guɗa. Aka zo kan babban. Balki ta ja, bai motsa ba. Suka kama su biyu, suka kama su huɗu, bayan motar ya ɗaga ya sauka, akwati yana nan. Nauyin kaya da zafin hanya sun sa ya nutse cikin ɗanyen fenti ya zauna daram.

Balki ta zagayo ta sunkuya a tagarsa.

"Yaya, akwatin ya ƙi sauka."

"Ku kwashe kayan a hannu mana."

"Lefe a hannu kamar wanki? A kan titi? Ka fito ka ga aikinka."

Bai fito ba, sai magana ta shiga gida. Can sai ga gwaggon amarya, Hajiya Saratu, wata dattijuwa da ta yi aikin jinya har ta gaji, ba abin da ke ba ta mamaki. Ta duba akwati, ta dangwali gefensa, ta kalli yatsarta. Ta ce ba a buɗe lefen 'yarsu a titi, tunda akwati ya ƙi shiga gida, a buɗe get mota ta shigo.

Haka Malam Isiyaku ya sa ribas ya shiga tsakar gidan surukansa da baya, cikin mata zaune a kan tabarmi. Ya kashe mota ya noƙe a kujera. Daga madubi yake kallo ana zaro atamfa daga but ɗinsa ana ɗagawa, ana sa albarka. Wata ta shinshina leshi ta ce ba warin komai sai turare, ya ji sanyi a ransa, tanki bai ci amana ba.

Da aka gama, Hajiya Saratu ta zo da farantin kaza da cincin, ta ce a ba direba. Ta leƙo, ta tsaya. Ashe ta san shi tun ranar gaisuwar iyaye.

"Malam Isiyaku, ashe da kai aka haɗa lefen?"

Ya cire tabarau, don ba sauran amfaninsa. Ya ce, "Hajiya, ni da motar duka, sai yadda kuka yi da mu."

Tsakar gida ta kaure da dariya, har amarya da ke ɓoye a ɗaki aka ji tata. Hajiya Saratu ta ce to ta karɓa. Kaya za su kwana a nan, amma akwatin Aziza ne, kuma dole ya bi ta ɗakinta. Tunda akwatin ya zaɓi motarsa, ranar kai amarya wannan motar ce za ta zo ta ɗauke ta, kada a turo musu wata.

Labari ya riga shi isa Abakpa. Ya tarar da Kaltume a ƙofar gida, da tabarmar nan a naɗe a hammata, ta riƙe ta yadda zai gani. Ta ce kunya dai an sha ta har an ƙoshi, alkawari kuma alkawari ne. Ya ce haka ne, bai musa ba, in ta ga dama ta aika a kira 'yan gwangwan. Sai dai ta fara zuwa Malali ta gaya wa Hajiya Saratu cewa ta sayar da akwatin surukarta da motar amarya a haɗe.

Kaltume ta juya ta shiga gida da tabarmarta.

'Yar Kakuri ce ta kai Aziza ɗakinta. Akwatin sai bayan biki aka ɓanɓare shi da kananzir da haƙuri, ya bar zanen bayansa a fenti, layi-layi, har da gurbin ƙafafunsa. Malam Isiyaku ya ƙi shafewa. Aziza kuwa har yau motata take ce mata, in za ta asibiti ko kasuwa sai ta aiko a ce wa Baba ko motarta tana nan. Shi kuma ya ɗauki hula ya fito, ta zauna a baya, shi a gaba.

In an tambaye shi a majalisa yaushe zai rabu da tsohuwar nan, yakan buɗe but ya nuna zanen. Ya ce ba tasa ba ce balle ya sayar, a lefe ta tafi, shi direba ne kawai, kuma fenti ya bar wa masu shi.