Jirgin da Ya Tsere wa Akuya

Ina aji uku, zamanin sule da sisi, ƙyanda ta kwantar da ƙawata. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Kontagora, iyayenta Kambari ne daga wajen Salka. Kwana ɗaya kafin ta kwanta mun yi faɗa a kan guntun fensirinta, na riƙe na hana, har na ce kada ta ƙara yi mini magana. Tsorona kada ta mutu muna gaba. Inna kuwa ta ce in na taka gidan sai ta karya ni.

Idan na kifa turmi na hau, ina hango 'yar tagar ɗakin da take kwance. Na yago tsakiyar littafin lissafi, na rubuta "Na huce, ke fa?", na ninka jirgi mai faffaɗan fiffike. Na cilla shi, ya tashi yana yanga, ya sauka a tsakar gidansu. Baƙar akuyarsu ta tako ta cinye shi ina kallo. Na biyu ma haka. Na uku ko ƙasa bai taɓa ba ta cafke, 'yar banza.

Sai na gane yangar ce ke kashe su. Na raba takarda biyu, na matse fiffiken ya zama siriri, na danne kowane ninki da bayan cokali. A hancin na cusa ƙwayar dawa uku. Da na gwada a tsakar gida, fiu, ya soki zana ya tsaya. Na daka tsalle har na yi fatali da butar Baba.

Na hau turmi, na yi bisimilla na sake shi. Kafin akuya ta ɗaga kai ya shige taga.

Can sai uwarta ta fito ta zo gindin katanga.

"'Yata, idon ƙawarki ya kumbura, ni kuma ban yi boko ba. Me kika rubuta?"

Na faɗa mata, ta koma ciki. Sai ga muryar ƙawata ta taga, a dishe:

"Ban huce ba. A ba ni fensirina."

Daɗi ya kama ni har na kusa faɗowa daga kan turmi. Mai ƙarfin rigima ai ba mutuwa zai yi ba. Guntun fensirin nan shi na cusa a hancin jirgi na biyar.