Kananzir ɗin Baffa

Shekara uku na yi ina fama da kifin nan kafin su hayayyafa mini. Ƙanana ne, tsawon ɗan yatsa, masu baƙin ɗigo a gindin wutsiya, kuma ba sa yawo sai a garke. A rafin Zurgu na kamo su da tsohon gidan sauro, a shekarun da fastocin 'yan takara suka fara cika bangayen Rano. Lokacin ina koyarwa a firamare. Na sa mai yankan gilas ya haɗa mini akwati biyu, na ajiye su a shagona na ƙofar gida. 'Yan unguwa suka yi ta tsiya, wai Malam yana kiwon abin da ko miya ba zai yi ba. Ko a jikina.

Matsalar kifin nan cin ƙwansu. Mace ta zuba, kafin ka ƙifta ido ita da namijin sun lashe. Sai a shekara ta uku na gano dabara. Na shimfiɗa tsakuwa irin ta carafke a ƙasan ƙaramin akwatin, ƙwan ya riƙa faɗawa tsakani inda baki ba ya kai, da sun gama kuma na mayar da iyayen babban akwatin. Mace ɗaya ta rage mini, ita ma ta tsufa, kwana biyu da zuba ƙwan ta mutu. Amma 'ya'yan sun fito. Sirara ne kamar gashin ido, sai ka ƙura ido kake ganinsu. Ruwan kuwa da gangan na bar shi ya yi kore, don ƙananan halittun da ke cikinsa su ne abincinsu.

Wata ranar kasuwa Baffa, yayan mahaifina, ya zo daga Fammar. Tsohon duba-gari ne, ya yi ritaya amma aikin bai sake shi ba. Ba ya wuce randa bai leƙa ba. Ina makaranta aka buɗe masa shagona ya huta.

Da na dawo, tun daga bakin ƙofa warin ya dake ni. Kananzir! Ga fitilata a gefe a buɗe, ga mai yana yawo a saman koren ruwan. Na durƙusa na leƙa. Ba abin da ke motsi.

"Ka dawo?" in ji Baffa, yana gyara zama a tabarma. "Kai da kake malami, ka tara ruwa ya ruɓe, 'ya'yan sauro fal ciki suna wutsil-wutsil? Na dai yi maganinsu. Na kifin ban taɓa ba."

'Ya'yan sauro! Haba jama'a! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana leƙa kwata bai san ɗan sauro da kai ƙasa yake rataya ba? Wannan fa a miƙe yake iyo, da idanunsa biyu. Kuma ɗakin wa? Fitilar wa? Da ya jira ya tambaye ni, me zai ragu a jikinsa? Raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan ce ai kifi ne, sai ga mahaifina a bakin ƙofa. Kallo ɗaya ya yi mini.

"Ba za ka yi wa Baffanka godiya ba?"

A gidanmu ba a nuna wa babba ya yi kuskure, balle a gaban ƙaninsa. Na sunkuyar da kai.

"Na gode, Baffa. Allah ya saka da alheri."

"Ba komai," ya ce. "Kai shi nesa da rijiya ka zubar. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin. Da hannuna na ɗauki akwatin na kai bayan katanga na tuntsurar. Baffa ya rasu bai san abin da ya kashe ba, kuma tuni na yafe masa. Bakin nan nawa da ya ce na gode ne har yau na kasa yafewa.